Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Makarantun Koyar Da Ɗab'i Da Tsara Littafi: Ku Shigo Da Updike Cikin Aji

Zuwa ga shugabanni da malaman makarantun da ke koyar da sana'ar ɗab'i da tsara littafi, da masu gidajen buga littattafai da ke ɗaukar ɗalibansu aiki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ina roƙon ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ni ba malami ba ne, ba ni da kujera a cikinku. Mai duba kurakurai ne ni, irin wanda ake miƙa wa shafuka kafin a kai su inji, ya zauna da jan biro yana farautar waƙafin da ya ɓata da harafin da ya tsallake. Na daɗe a wannan aiki har tabarau ya zame mini dole. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau kuwa, wani abu ne da nake ta gani a hannun yaran da kuke yaye mana.

Yaran nan sun iya na'ura, wannan babu musu. Abin da a da ake kwana uku ana yi, su kafin shayi ya huce sun gama. Amma kwanakin baya wani matashi, da takardar shaidarsa sabuwa fil, ya kawo mini littafin tarihi mai shafi wajen 300 da ya tsara. Ya zuba shi da wasu sirarran haruffa marasa ƙafa, layi ya taso daga wannan gefen takarda har wancan, babu wurin da mai karatu zai ɗora babban yatsansa ba tare da ya rufe rubutu ba. A shafin take kaɗai na ƙirga zubin haruffa iri biyar. Na karanta shafi goma, idona ya fara ruwa, sau uku ina komawa layin da na riga na wuce. Na tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan harafin. Ya ce, "Baba, ai shi ne ya fito da na buɗe kwamfutar." Na nuna masa sunan Garamond a jerin da ke gabansa, na ce ko ya san mene ne. Ya ce sunan kamfani ne. Ban ga laifinsa ba, domin yaro ne mai ladabi da son aiki, kuma abin da aka ba shi ne ya kawo. An koya masa inda zai danna, ba a koya masa inda zai duba ba.

Shi ya sa nake so in tuna muku da wani mai maɗaba'a Ba'amurke, Daniel Berkeley Updike, wanda ya rasu a ƙarshen Disamban 1941, kuma wanda a ganina har yau babu malamin da ya fi shi dacewa da wannan ciwo.

An haife shi a 1860 a birnin Providence, jihar Rhode Island ta Amurka. Mahaifinsa ya rasu a 1877, karatun makaranta ya tsaya masa nan, bai taɓa shiga jami'a a matsayin ɗalibi ba. Ya ɗan taɓa aiki a wani ɗakin karatu na garinsu, sannan a 1880 ya tafi Boston ya kama aiki da kamfanin buga littattafai na Houghton Mifflin a matsayin ɗan aike. Ɗan aike fa, mai kai saƙo da ɗauko gyararrun shafuka. A hankali aka fara ba shi tsara tallace-tallacen kamfanin da jerin littattafansu, aka lura yana da ido. Daga baya ya koma maɗaba'ar kamfanin, Riverside Press, a Cambridge ta kusa da Boston, ya ga yadda ake aikin daga ciki. A 1893 ya tsaya da ƙafarsa, kuma a 1896 ya raɗa wa gidansa suna Merrymount Press. Sunan ya samo shi ne daga wani tsohon zango da wani Bature mai suna Thomas Morton ya kafa kusa da Boston a ƙarni na 17, inda ake kaɗe-kaɗe da raye-raye har masu tsattsauran ra'ayin addini na yankin suka fusata. Abin dariya ne kaɗan, domin shi Updike an san shi da kamewa da tsantseni, ba mutumin wargi ba ne ko kusa.

Babban aikinsa na farko shi ne The Altar Book na 1896, littafin ibada na cocin Episkofal wanda shi ma mabiyinsa ne. A lokacin guguwar William Morris da maɗaba'arsa ta Kelmscott a Ingila ta kwashi kowa: baƙaƙen haruffa masu kauri, gefen shafi cike da zanen ganye da reshe, takarda mai nauyi. Updike ma ya bi sahu. Ya sa mai zanen gine-gine Bertram Goodhue ya zana masa harafi na musamman da ƙawar gefe, littafin ya fito kamar amaryar da aka yi wa lalle har gwiwar hannu. An yaba masa ƙwarai. Da wani ne, da nan ya kafa bukka ya zauna har tsufa, tunda kasuwa ta karɓa.

Ku ajiye wannan littafi a hannun dama, ku ɗauko wani a hannun hagu. A 1930 ya gama buga The Book of Common Prayer, littafin addu'o'in cocin nan dai, wanda attajiri J. P. Morgan ƙarami ya ɗauki nauyinsa. Babu zane, babu ganye, babu reshe. Baƙar tawada da ja, harafi mai kyau, tazara daidai, gefe wadatacce, shi ke nan. Kuma wannan ne masana suka fi ɗauka a matsayin gwanintarsa mafi girma. Shekara 34 ke tsakanin littattafan biyu, kuma duk tsawonsu mutumin nan ragewa yake yi. Wannan tafiya daga ado zuwa sauƙi ita ce darasin farko da zan so ɗalibi ya gani da idonsa, shafi kusa da shafi, domin gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa tsara shafi ya san cika shi da kwalliya ba wuya. Wuyar tana wurin barinsa fili ba tare da ya zama kango ba, saboda idan babu ado, duk tazarar da ta karkace a fili take, ba ta da inda za ta ɓuya.

Amma kada ku ɗauka Merrymount gidan littattafan attajirai ne kawai. Abin da ya fi burge ni ke nan game da mutumin. Maɗaba'ar kasuwa ce, mai biyan albashi a ƙarshen wata. Ta buga wa manyan kamfanoni littattafai, ciki har da wasu na marubuciya Edith Wharton, amma ta kuma buga rahoton shekara na ƙungiyoyi, da jerin kayan gidajen tarihi, da katin gayyata, da takardar shirin taro, da 'yar takardar da ake liƙawa a cikin bangon littafi. Manufar da ya bayyana wa gidansa ita ce a yi aikin yau da kullum da kyau. Ba ya ware wani aiki ya ce wannan na fasaha ne, wancan kuwa a yi shi a wuce wurin. Ku kuwa kun sani, yawancin ɗalibanku ba za su taɓa buga littafin da za a sa a gilashi ba. Za su buga littafin firamare, da takardar da ke cikin kwalin magani, da fom ɗin asibiti, da takardar jarrabawa. A nan ne mummunan tsari yake cutarwa da gaske. Tsohuwar da ta kasa karanta adadin ƙwayar da za ta sha saboda an matse rubutun, ba ta san sunan wanda ya tsara takardar ba, amma ita ta biya kuɗin sakacinsa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa saboda adalci. Updike ba a bakin inji ya tashi ba. Ido da hukunci nasa ne, amma tafiyar da ɗakin aiki ta rataya ne a wuyan John Bianchi, wanda ya san shi tun Riverside, ya biyo shi, ya zama abokin tarayyarsa a 1915, kuma ya riƙe gidan bayan rasuwarsa har aka rufe shi a 1949. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan za ku koyar da Updike, ku ambaci Bianchi, don yaro ya san cewa mai tsara shafin da ke raina mai inji bai san sana'arsa ba tukuna.

Yanzu ga littafin da nake roƙonku a kansa. Daga 1911 zuwa 1916, mutumin nan da bai yi jami'a ba ya gabatar da laccoci kan ɗab'i a makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard. Ku lura, makarantar kasuwanci, ba ta zane-zane ba. Waɗannan laccoci ne ya faɗaɗa suka zama Printing Types, tarihin haruffan ɗab'i da siffofinsu da yadda ake amfani da su, wanda maɗaba'ar Harvard ta fitar a 1922 cikin juzu'i biyu, da hotunan misali 367. Ya fara da yadda ake ƙera harafi, sannan ya bi ƙasa-ƙasa, ƙarni-ƙarni: Jamus tun daga Gutenberg a Mainz, Italiya da Nicolas Jenson wanda ya fitar da harafinsa a Benis a 1470, da Aldus Manutius wanda ya fara buga littattafai da karkataccen harafi a 1501, Faransa da su Garamond da Fournier da Didot, Holan da Beljiyam da gidan Plantin, Sifen, sai Ingila da Caslon da Baskerville. Ba jerin sunaye da shekaru ya yi ba. A kowane mataki zai ajiye maka shafi a gaba, ya ce duba, ga inda wannan harafi ya yi ƙarfi, ga inda ya yi rauni, ga dalilin da ya sa ya dace da zamaninsa. Yana yanke hukunci, wani lokaci da kaifin harshe, kuma kana iya saɓa masa. Amma kafin ka saɓa masa dole ka duba, kuma dubawar nan ita ce abin da yake so ka koya. Kusa da ƙarshe ya ware babi guda kan yadda mai maɗaba'a zai zaɓi haruffan da zai ajiye a ɗakin aikinsa, kuma shawararsa ita ce kaɗan masu kyau, waɗanda ka san halinsu ciki da waje. Yaron da ke da zubin haruffa dubu a kwamfutarsa ya fi mai maɗaba'ar 1922 bukatar wannan babi.

Na san abin da wasunku za su ce. Za ku ce zamanin buga littafi da haruffan dalma ya wuce, wa zai ɓata lokacin ɗalibi da tarihin abin da aka daina? To ku buɗe jerin haruffan da ke cikin kwamfutar ajinku ku karanta: Garamond, Caslon, Baskerville, Bodoni, Didot. Waɗannan mutane ne, sun rayu, sun yi gumi a kan ƙarfe. Baskerville ya fitar da littafinsa na farko a Birmingham a 1757, Bodoni ya yi aikinsa a Parma. Siririn gashin da ke jikin harafin Bodoni an yi shi ne don takarda mai santsi da bugu mai tsafta. Ka ɗauke shi ka ƙanƙanta, ka buga a takarda mai shan tawada, ko ka sa shi fari a kan baƙi, sai gashin ya ɓace, shafi ya zama kamar shinge. Wanda ya san asalin harafin ba zai yi wannan kuskure ba.

Bari in ba ku misali ɗaya da na taɓa da hannuna. A farkon shigata aiki na tarar da wani dattijo mai jera haruffa, ya ɗauko mini harafin "a" guda biyu daga durowa daban-daban, ɗaya ƙarami mai girman lamba 6, ɗaya babba mai girman lamba 36, na zubi ɗaya. Ya ba ni gilashin ƙara girma ya ce in duba ƙaramin. Na zaci zan ga babban ne aka rage. Ina! Ƙaramin ya fi faɗi a jiki, ƙafafunsa sun fi kauri, cikinsa ya fi buɗewa. Ya ce haka ake yi, domin a zamanin sassaƙa da hannu kowane girma daban ake yanka shi. Maƙeri zai ɗauki sandar ƙarfe ya fitar da harafin a bakinta da magagari, a juye, ya ƙara mata tauri da wuta, ya buga ta cikin guntun tagulla ta bar rami, sannan a sa ramin a mazubi a kwarara narkakkiyar dalma haɗe da kuza da antimoni. Tunda kowane girma sai an sake sassaƙa shi, maƙerin yakan gyara siffar yadda ido zai ji daɗinta a wannan girman. Kwamfuta kuwa, sau da yawa zane ɗaya take ja ta ƙara ko ta rage. Shi ya sa bayanin ƙasan shafi a littattafai da yawa na yau yake fitowa siriri kamar mai jinya. Akwai haruffan kwamfuta da aka yi wa siffa daban don ƙanana da manya, suna nan, amma ɗalibin da bai san matsalar ba ba zai nemi maganinta ba. Dattijon nan yana karanta layinsa a kife kuma a juye, ba ya rikita "b" da "d" ko "p" da "q", kuma da yatsa kaɗai yake gane harafin da ya faɗo durowar da ba tasa ba. Bayan ya bar aiki, gidan ya sayar da durowoyin nan gaba ɗaya ga masu narka ƙarfe, a kan sikeli. Ina tsaye aka loda su. Ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ba na cewa ku mai da Updike waliyyi. Littafinsa yana da iyaka: duniyarsa Turai ce da Amurka, da haruffan boko da danginsu, sauran rubuce-rubucen duniya ba su sami wani rabo a wurinsa ba. Kuma bincike ya wuce shi a wurare. Shekara huɗu kacal bayan fitowar littafin, a 1926, Beatrice Warde, tana rubutu da sunan aro na Paul Beaujon a mujallar The Fleuron, ta nuna cewa wasu haruffan da ke maɗaba'ar gwamnatin Faransa, waɗanda kowa ke jingina wa Garamond, aikin Jean Jannon ne, wanda ya zo bayansa da shekaru masu yawa. Wani harafi da Updike ya saya yana kiransa Mountjoye, abokinsa Stanley Morison ya tabbatar cewa na John Bell ne na Landan, wanda Richard Austin ya sassaƙa a 1788. Har ma harafin da ya buga littafin addu'o'in 1930 da shi, wanda ake kira Janson, a 1954 Harry Carter da George Buday suka nuna cewa ba Anton Janson ya yanka shi ba, wani ɗan ƙasar Hangari ne mai suna Miklós Kis, a Amsterdam. Updike ya fitar da bugu na biyu a 1937 da ƙarin bayanai, sauran gyaran kuma na baya suka yi. A wurina wannan ba aibi ba ne, riba ce ga malami. Ka ba ɗalibi shafin Updike, ka ba shi abin da Warde ta gano, ka ce ya gaya maka yadda aka yi aka kama kuskuren. An kama shi ne ta hanyar ajiye tsofaffin shafuka biyu kusa da juna a ƙura musu ido, wato da irin makamin da shi Updike ya koyar.

Shi kansa ya san littafi ɗaya ba ya isa. Ya taimaka aka kafa tarin littattafai kan tarihin ɗab'i a ɗakin karatun jama'a na Providence, wanda yau yake ɗauke da sunansa, don mai koyon sana'a ya je ya ga samfuran haruffa da idonsa. Takardun aikin Merrymount kuma suna ajiye a ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. Bugun farko na Printing Types ya daɗe da fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka a Amurka, an ɗauki hotonsa an sa a intanet, duk mai waya zai iya buɗe shi. Ba maganar kuɗi ba ce ke nan.

Ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku ware zango ɗaya a shekarar farko wanda ɗalibi zai yi yana kallon shafuka kafin a bar shi ya tsara nasa. A ajiye masa shafin Jenson da na Bodoni, ya faɗi bambancin da bakinsa. Ya ƙirga haruffan da ke layi ɗaya a littafin da ya ji daɗin karantawa, zai tarar yawanci ba su wuce 60 zuwa 70 ba, daga nan ba sai an sake gaya masa dalilin da ya sa dogon layi ke ɓatar da ido ba. A ba shi aikin jarrabawa irin wanda zai tarar a waje, fom ko takardar magani, da sharaɗin zubin harafi ɗaya tak, sannan a miƙa wa wani dattijo mai raunin gani ya karanta a gabansa. Ku kuma masu gidajen bugu, idan kun ɗauki yaro, ku haɗa shi da wanda ya daɗe, kuma ku daina cire mai duba kurakurai daga lissafi duk lokacin da kuɗi ya matse. Na san a nan za a ce ina kare tuwona ne, to na yarda, amma ku buɗe littattafan da aka buga ba tare da mu ba ku gani.

Abu na ƙarshe, idan akwai makaranta ko gidan bugu a cikinku da har yanzu ke da durowoyin haruffan dalma a wani lungu, ƙura ta rufe su, ana shawarar a kira masu sikeli, don Allah ku dakata. Ku ware ko durowa biyu, ƙarami da babba na zubi ɗaya, da sandar jeri guda, wadda ake jera haruffan a cikinta da hannu, ku kai su aji. Matashin nan mai littafin tarihi ya dawo wurina da shafukansa bayan mako biyu, ya rage layin, ya buɗe gefen, ya bar harafi iri ɗaya. Ya tambaye ni inda zai ga harafin dalma na gaske ya riƙe a hannunsa, ni kuwa ba ni da ko ɗaya da zan nuna masa.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai duba kurakuran ɗab'i